Bayan Mai Takaba

Esikhawini,
Afrilu.

Zuwa ga Yayata Khethiwe,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara, da aikin asibiti. Yaya ƙafar nan taki, har yanzu tana kumbura in kin yini a tsaye? Mu nan da sauƙi. 'Yata Sne ta koma makaranta, surukata kuma tana nan daram, ba abin da ke damunta sai ni.

Kada ki yi mamakin ganin wasiƙa alhali muna da waya. Wayar a falo take, surukata kuwa a gindinta take yini kamar ita ta haife ta. Abin da zan gaya miki ba na kunnenta ba ne.

Yaya, tsoro nake ji. Tun da aka harbe mijina, Baban Sne, a bakin gidan mai a Empangeni, da rana tsaka, kowa ya ce bai ga komai ba, ban sake yin barci mai sunan barci ba. Kin san a kan me aka kashe shi, a kan hanyar da motocin haya za su bi ne, tsakaninmu da 'yan ɗaya ƙungiyar masu motoci. Motocin nan uku da ya bari yanzu a wuyana suke, ni nake zuwa tasha in ga direbobi. Bayan kin koma Kimberley an kashe wasu mutum biyu masu motoci. Ta biyun mace ce, MaShandu, wadda ita ma ta gaji motocin mijinta. A ƙofar gidanta suka same ta, cikin baƙaƙen kayan takabarta, irin waɗanda ke jikina yanzu da nake rubuta miki. A da ana cewa ba sa taɓa mata. Sati bai zagayo ba aka bugo mini waya, wata murya ta kira ni da sunan gidanmu ta ce, “MaCele, mota ba kayan mata ba ce. Ki sayar ki huta.” Aka ajiye wayar.

Ke kin daɗe a birni, bari in tuna miki abin da na shiga. Shekara guda cikin baƙi, da mayafin kafaɗa har ƙugu. Ba musabaha, ba ɗaga murya, ba a bari rana ta faɗi ina waje. Babbarsu kuwa ita ce ta baya: ba mai yarda ya tsaya a bayan mai takaba, don a nan duhun mutuwa yake zaune. A coci bencin ƙarshe ne nawa. A layin banki duk wanda ya shigo sai ya ce, “Yi haƙuri Mama, bari in ɗan wuce gabanki,” har in zama ta ƙarshe a layin da ni na fara shi. Motocinmu ma ba na shiga, direbobi sun roƙe ni, wai fasinja na sauka in sun gan ni. Mai mota uku, amma da ƙafa nake zuwa tasha, ta bayan makarantar firamare in bi gefen lambatu.

To, a wannan hanyar wani mutum yake bi na. Dogo ne siriri, da jaket ruwan ƙasa da hular saƙa. Duk ranar da na fita sai na gan shi, can nesa kaɗan, a bayana. In na tsaya ya tsaya. In na shiga tasha ya ɓace, in na fito ya dawo, har in ga ƙofar gida. Hannunsa ɗaya kullum a cikin jaket yake.

Ki duba maganar da kyau, Yaya. 'Yan giya da ke kwana a lambatun nan, in sun hango ni tsallake titi suke yi. Yara ma sun san su kauce. Wane irin namiji ne zai zaɓi bayan mai takaba ya ajiye kansa a ciki, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba? Sai wanda ya riga ya yi wanka da magani, wanda duhun mutuwa ba ya kama shi don sana'arsa ke nan. Da na gane haka a kan hanya, sai da na tsaya na dafa katangar makaranta.

Na gaya wa ƙanen mijina, Mzwakhe. Ya ce, “Ai ga maganin zama a gida. Ki ba ni makullai, ni in riƙa zuwa tashar.” Kin ji irin taimakon. In na ba shi makullan nan, Sne da makaranta sai dai ta hango ta daga titi.

Na yanke shawara zan sayi bindiga. Kada ki rubuto ki hana ni, kafin amsarki ta iso na riga na je. Ki dai yi mini addu'a, ki kuma ƙona wannan takarda in kin karanta.

Ki gaida maigida da yara.

Ƙanwarki,
Gabisile

*

Esikhawini,
Mayu.

Yaya Khethiwe,

Ina gaishe ki da kyau, ina fata sanyin Kimberley bai kwantar da ku ba. Na samu wasiƙarki, na ga faɗan da kika yi mini shafi biyu cur. Na gode, na san ƙauna ce. Amma aikin gama ya gama.

Na ce wa surukata zan je banki, na wuce shagon wani tsohon Ba'indiye a Empangeni, sunansa Padayachee. Yarenmu a bakinsa kamar na matan kasuwa. Yana ganin kayan jikina ya cire tabarau ya yi mini ta'aziyya yadda ya dace, bai miƙo hannu ba. Sannan ya ce, “Ba sai kin gaya mini ba, Mama. Ke ce ta huɗu bana cikin irin kayan nan.”

Ya fara nuna mini irin wadda Baban Sne yake da ita, mai cin harsashi ta gindi. Na ce ya ɗauke, ita ce aka samu a ƙugunsa ko taɓa ta bai yi ba. Ya ce to gara libarba, wato mai tulun nan da ke juyawa. Wai ita ba ta cijewa, ba ta da wani maɓalli da za ka manta da shi lokacin da hankalinka ya bar jikinka, ka ja kunama kawai ta amsa. Ya jera mini guda uku a kan wani koren ƙyalle. Ta farko 'yar ƙarama ce mai guntun hanci, harsashi biyar, suna ce mata talatin da takwas. Ta tsakiya mai shida, uku-biyar-bakwai. Ta ukun kuwa ya ce don in yi dariya ya fito da ita, ta masu zuwa farautar ɓauna ce. Ban yi dariyar ba, ita na fara ɗauka.

“Ajiye, Mama, ajiye,” in ji shi. “Wannan in kin harba, ke da ita ba a san wanda zai riga faɗuwa ba.”

Na ce, “Baba, tambaya ɗaya na zo da ita. Wacce ce in ta taɓa mutum sau ɗaya ba ya tashi?”

Ya ce, “Kowacce, in kin samu wurin. Ba kowacce, in kin kuskure. Ɗauki ƙaramar nan. Ga sauƙin ɓoyewa, ga sauƙin riƙo. Wadda za ki iya fita da ita kullum ta fi wadda za ki gaji ki bari a ƙarƙashin katifa.”

Sai na ba shi labarin da ke yawo a tasha. Ranar da aka kashe MaShandu, ɗan 'yar'uwarta ya fito da irin ƙaramar nan ya samu ɗaya daga cikin makasan har sau biyu, mutumin ya tashi da ƙafarsa ya shiga mota. Na ce ni mace ce, ni kaɗai, ba zan samu damar harbi na biyu ba. Tsohon ya daɗe yana kallona. Matarsa da ke zaune a ciki tana tsince wake ta ɗaga murya ta ce, “Ka bar ta ta gwada mana! Kai kullum sai ka zaɓa wa mata, ko zanen da zan ɗaura.”

Akwai wani dogon ɗaki a bayan shagon inda ake gwaji. Ya toshe mini kunnuwa, ya gyara mini tsayuwa da baki kawai. Ya ce, “A ƙa'idar aikina a bayan mai harbi nake tsayawa. Amma a ƙasar nan aka yanke mini cibiya, zan tsaya a gefe.” Wannan kam ta sa ni murmushi, karo na farko tun rasuwar.

Ƙaramar ta yi tas, kamar an fasa leda. Ta tsakiyar kuwa, Yaya, ban san yadda zan kwatanta miki ba. Wuta ta fito ta bakinta, hannuna ya yi sama, na ji ƙarar a cikin haƙorana. Wuyan hannuna ya yi kwanaki yana ciwo, na ce wa surukata sanyi ne. Cikin harbi shida, sau biyu kawai na samu takardar da nake saitawa. Amma da na ga girman hujin sai na ji wani abu ya kwanta a ƙirjina. Na ce ita nake so.

Ya ce ta yi mini nauyi, kuma doka ta ce dole a rufe ta ruf, kada ido ya gani. Matar ta taso ta ja ni bayan labule, ita ba ruwanta da ba a taɓa mai takaba. Ta ɗaura mini bel da kube a ƙugu, ta saka bindigar ba harsashi, ta saki mayafin kafaɗata a kai, ta juya ni gaban madubi. Ko ni da na san tana nan ban gan ta ba. Ta kira mijin ta ce, “Zo ka nemo ta, gwanin sani.” Ya zo ya duba dama ya duba hagu, ya girgiza kai ya ce, “Wannan mayafi naku kamar don ita aka ɗinka shi. Allah ya kyauta.”

Na biya, amma ban fito da ita ba. Sai an ɗauki hoton yatsuna a ofishin 'yan sanda, an ga na kafa akwatin ƙarfe a bango, sannan takardu su tafi Pretoria su dawo. Ya ce wata biyu ko uku in an yi sa'a. Na tambaye shi, kafin nan fa? Ya ce, “Kafin nan ki riƙa canja hanya.” Hanyar tashar ɗaya ce, Yaya.

Da na sauka daga motar Empangeni, mai jaket ɗin yana tsaye a gindin falwaya. Ya bari na wuce, ya biyo. Bindigata tana can a shago da sunana a manne, ni ina nan da laima a hannu.

Ki shafa mini kan auta. Ki rubuto, ko da faɗan ne.

Taki,
Gabisile

*

Esikhawini,
Agusta.

Yayata,

Barka da war haka. Ina fata mura ta saki maigida. Na gode da rigar sanyin Sne, ta ƙi cire ta ko a gado.

Lasisi ya fito, na karɓo ta. Na zaci ranar zan yi barci. Ashe wani sabon tsoro na sayo na ƙara a kan na da.

Tsohon nan ya yi gaskiya a kan nauyi. Ƙuguna ya yi baƙi, zanena sai zamewa yake yi gefe ɗaya, tafiyata ma ta canja har surukata ta ce ko basir ke damuna. A coci in za a durƙusa sai na dafe gefena, kada ta bugi benci. Abin da ya taimake ni shi ne ba mai rungumar mai takaba, ba mai zama dab da ni. Sai Sne. Shekaranjiya ta taho da gudu daga makaranta ta faɗa jikina, goshinta ya bugi ƙarfen. Ta ce, “Mama, me ya yi miki tauri a nan?” Na ture ta da ƙarfin da ban yi niyya ba. Ta koma bakin ƙofa tana kallona, ba ta yi kuka ba, ni ce na shiga ɗaki na yi.

Kin ce in sayar da motoci in taho wurinku. Ko na yarda, kin san ba zan bar gidan nan ba sai an cire mini kayan nan, sai shekara ta cika. In na tafi kafin nan, dangin mijina za su ce na gudu da duhun ɗansu, su riƙe Sne. Ke ma kin san za su iya.

Mutumin yana nan, har ya rage nisa. Na je ofishin 'yan sanda na gaya wa wani sajan, ya ce, “Mama, ya taɓa ki? Ya yi miki magana? To tafiya a titi ba laifi ba ne.” Rannan na yi ta maza, na juya gaba ɗaya na fuskance shi, hannuna a ƙarƙashin mayafi. Ya tsaya cak, ya cire hula, ya sunkuyar da kai, ya juya fuskarsa wajen katanga. Ba ya so in riƙe kamanninsa ke nan. Na daɗe a tsaye, shi ma bai motsa ba, har wata mai gasa masara a bakin lambatu ta ce, “Lafiya, MaCele?” Na ce lafiya, na wuce, ya biyo.

Me yake jira? Wannan tambayar ce take cin raina. In zai yi, ya yi mana. Kullum da safe ina ɗaura ta ina cewa ko yau ne. Na koyi janye mayafi da hannun hagu in zaro da dama, ina yi a gaban madubi in surukata ta tafi gona. Matar da nake gani a madubin ba ta yi kama da ƙanwarki ba.

Ki ci gaba da saka ni a addu'a. Gaisuwa ga mutan gida duka.

Gabisile

*

Esikhawini,
Oktoba.

Yaya Khethiwe,

Ina gaishe ki. Ina fata kuna lafiya. Ni jikina lafiya, ba abin da ya taɓa ni, na fara da wannan don ki iya karanta sauran.

Na harbe shi, Yaya.

Ranar Juma'a ce da hantsi, ina dawowa daga tasha, na zo daidai lambatu. Sai na ji takun gudu a bayana, mai jaket ɗin nan yana ihu, “Mama! Mama!” Na waiwaya na gan shi ya taho gadan-gadan, hannunsa a cikin jaket. Ban yi tunanin komai ba. Hannuwana suka yi abin da na koya musu a gaban madubi. Ƙara ɗaya, ya juya kamar an fizge shi, ya faɗi. Na ji wata mota ta ja da ƙarfi a gefena ta yi gaba, ban ko kalle ta ba. Na tsaya da bindiga a hannu ina jira ya tashi. Abin da ya faɗo daga jaket ɗinsa basilla ce, ta ɗinkin takalmi.

Mai gasa masara ce ta fara isowa, tana dukan cinyarta. “MaCele, ba shi ba ne! Motar ce! Ba ki ga bakin bindiga a taga ba?” Ban gani ba. Ta ce wata jar mota ce mai baƙin gilashi, ta lallaɓo ta gefena, an sauke gilashi. Ƙarar tawa ce ta kore su, da alama sun zaci su aka harba.

'Yan sanda sun ɗauki bayanina, sun karɓe bindigar, sun ce in koma gida sai mai gabatar da ƙara ya duba. Surukata ba ta ce mini uffan ba har yau. Mzwakhe kuwa ya samu abin faɗa a tasha.

Jiya na je asibiti. Na samu likitansa a baranda, wani matashi, na tambaye shi. Ya ce zai rayu, amma sun yanke hannun dama daga saman gwiwar hannu. Bai san ko ni wace ce ba, sai ya ƙara da cewa, “Da ƙaramar bindiga ce da mun ɗinke. Wannan niƙe ƙashin ta yi, ba abin da za a haɗa.” Na nemi benci na zauna.

Sunansa Limbani, mutumin Malawi ne. Gyaran takalmi yake yi a gindin wata bishiya kusa da gidan man nan na Empangeni. A bencinsa Baban Sne yake zaune ranar, yana jira a goge masa takalmi. Da ya gan ni a bakin gado sai ya yi yunƙurin tashi zaune don girmamawa. Yarenmu bai zauna a bakinsa ba, amma na gane komai.

Ya ce, “Maigida mutumin kirki. Kullum yana ce mini Malawi, Malawi, yana saya mini burodi. Da suka harbe shi kowa ya gudu, ni na riƙe kansa. Ya ce, Malawi, ka duba min baya. Sau biyu ya faɗa.”

Yaya, ko yaron da aka yaye jiya a garin nan ya san me ake nufi da baya a bakin mai mutuwa. Gida ne, iyali ne, abin da ka tafi ka bari. Na ce masa haka, ina kuka. Ya juya maganar, sannan ya ce, “To ai shi na yi, Mama. Ba ni da kuɗi, ba ni da mota. Ƙafa nake da ita da ido.”

Na ce me ya hana ka yi mini magana? Ya ce ya zo gidan makoki, samarin gidan suka kore shi, suka zaci abinci ya zo ci. Ya tambayi wata mai sayar da lemo, ta ce masa namiji ba ya tsayar da mai takaba a hanya, ba ya kallon fuskarta, sai ta cire baƙi. Shi ya sa ya juya wa katanga rannan. Jira yake shekara ta cika ya zo ya gaishe ni ya isar da saƙo. Ga shi ba shi da takardun zama, ga shi ya ga fuskokin waɗanda suka yi harbin, bai isa ya je wurin 'yan sanda ba. Duk ranar fitata sai ya rufe akwatin aikinsa ya hau mota ya zo, da kuɗin aljihunsa.

Na ce, “Ba wanda ya gaya maka ba a tsayawa a bayan mai takaba?”

Ya ce, “A'a. Mu a wurinmu in kana raka babba, a baya kake tafiya. Gaba rashin kunya ne.”

Hannun da yake sakawa a jaket kuwa da gangan ne. Ya ce motar nan ta sha zuwa, tun kafin sanyi. Sai ta rage gudu, su hango shi, shi kuma ya cusa hannu ya ɓata rai, su wuce. Sun ɗauka ɗan bindiga na ɗauko haya. Duk watannin nan basilla ce take tsare da ni. Ni kuwa ko sau ɗaya ban lura da motar ba, idona duk a kansa yake. Ranar Juma'ar ya ga sun sauke gilashi, ya san yau ba za su wuce ba, ya taho don ya ture ni cikin lambatu.

Da-na-sani ƙeya ce, Yaya, na sani. Na roƙe shi gafara, ya ce, “Ba komai, Mama, ke ma tsoro ne.” Ya kalli inda hannun yake a da. Akwai ɗan sanda a ƙofar ɗakin, ba don ni ba, don shi. Da ya warke za a mayar da shi Malawi. Yana da mata da 'ya'ya uku a can da suke ci daga hannun nan. Na yi wa kaina alkawarin mota ɗaya tasa ce muddin tana tafiya, Mzwakhe ya mutu don haushi. Amma mota ba ta riƙe basilla.

Da zan fita na fara ja da baya kamar yadda na saba, don kada in ba marasa lafiya bayana. Ya ce, “Juya ki tafi, Mama. Ni na saba da shi.”

Yau da safe na je tasha, don in ban je ba shi ke nan sun ci. Ƙuguna ba nauyi, zanena ya zauna daidai. Na bi ta bayan makaranta, na bi gefen lambatu, mai masara ma ba ta fito ba. Na yi ta waiwaye har wuyana ya ƙage. Babu kowa a bayana, titin fayau har ƙarshensa. Duk tsoron da na rubuta miki a baya wasa ne a kan na yau.

Saura wata uku a cire mini kayan nan. Ki nemi hutu ki zo, don Allah. Na san ke ma 'yar gida ce, cikin al'adar nan kika tashi, ba zan ce ki bi bayana ba. Ki zo ki yi tafiya a gefena.

Ki gaida maigida da yara.

Ƙanwarki,
Gabisile